Idan Babbar Hanya Ta Shigo Gari

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Kano ya nufi Birnin Kudu, ta Wudil da Kwanar Huguma, ya san yadda tafiyar take. Da an fita daga cunkoson Wudil direba zai gyara zama ya taka mai, fasinja kuwa kowa ya kama addu'arsa a zuci. Wannan bai dame mu ƙwarai ba muddin ana cikin daji, inda ba kowa sai gonakin gero da dawa da itatuwan kuka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da kan faru sa'ad da motar ta iso gari. Gidaje su bayyana dama da hauni, ga rumfuna, ga 'yan makaranta, ga masu talla, ga awaki, amma allurar gudu tana nan inda take, ba ta sauko ba. Iyaka direba ya danna oda ya riƙe, watau yana gaya wa mutanen garin su kauce, hanya tasa ce.

Mu da muka fito daga Kiyako da sauran gundumomin Birnin Kudu, tare da 'yan'uwanmu na Gwaram, mun tashi muna ganin wannan har ya daina ba mu mamaki. A hutun da ya wuce ne ya sake ba mu. Wata yarinya mai tallar gyaɗa, wadda ba ta fi shekara tara ba, ta hango wata bas ta tsaya a ƙetaren kwalta, fasinja ya miƙo hannu ta taga. Ta kwasa da gudu don kada wata ta riga ta ciniki. Motar da ke tafe daga ɗaya ɓangaren ta taka burki, mun ji ƙarar tayoyinta, amma ba ta tsaya ba sai da ta wuce wurin da nisa. Yarinyar ta rayu, sai dai ƙafar dama ba za ta ƙara komawa yadda take ba. Da muka je dubiya, kalma ɗaya muka tarar a bakin kowa, tun daga zaure har cikin gida: ƙaddara ce.

Ba mu musanta ƙaddara ba, Allah Ya kiyashe mu da haka. Amma malamanmu na zaure sun koya mana tun muna riƙe da allo cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an yi riƙo da sababi, kuma wanda ya bar garkensa a buɗe ba ya ɗora wa kura laifi duka. Abin da muka lura shi ne, kalmar nan mai tsarki ta zama bargo. Direba ya lulluɓa da ita, mai mota ya lulluɓa, ma'aikacin da ya ba da izinin kafa rumfa a bakin kwalta ya lulluɓa, mu ma da muka zauna a cikin motar muka yi shiru yana gudu mu lulluɓa. Iyayen yarinya su yafe, kamar yadda al'adarmu ta kirki ta tanada, a watse. Ba wanda zai koma wurin ya tambaya me ya sa nan ne, kuma me ya sa ba wannan ne karo na farko a daidai nan ba.

Bari mu duba girman abin tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a kan hanyoyin duniya a 2021, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, watau mu da ƙannenmu. Fiye da rabin waɗanda suka mutu ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Nahiyar Afirka, wadda ta fi kowace ƙarancin motoci, ita ce ta fi kowace yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a. A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana ba da lissafin mutuwar mutum tsakanin 5,000 da 6,500 a kowace shekara daga 2021 zuwa 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta wa Nijeriya kusan 40,000 a shekara guda. Tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu ba ta ba mu mamaki ba. Mu Musulmi ne, mukan yi wa mamaci sutura kafin rana ta faɗi, kuma wanda ya cika a gida bayan kwana huɗu da haɗari ba mai kai sunansa ofis.

A cikin dalilan da Hukumar Kiyaye Haɗurra take jerawa kowace shekara, gudun wuce kima ne yake zuwa a sama. Mutane da yawa suna jin wannan su gyaɗa kai, amma ba su san abin da gudu yake aikatawa ba, sabo da haka za mu ɗan daɗe a nan, waɗanda suka yi kimiyya a sakandare su yi mana haƙuri.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idon direba ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka a kan burki, daƙiƙa guda ta wuce, in ma direban yana cikin hayyacinsa ke nan, bai yi kwanan zaune ba, ba ya kuma duba waya. Sa'an nan burki mai kyau a kan busasshiyar kwalta yana bukatar wani kimanin mita 14 kafin mota ta tsaya cak. Jimla mita 28. To, a ninka gudun ya zama 100. Daƙiƙar nan ta farko ta ci mita 28, tazarar burki kuwa ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu za ta yi, ta haura mita 50. Jimla ta wuce mita 80. Ma'ana, a daidai inda mai gudun 50 ya riga ya tsaya yana salati, mai gudun 100 bai ma fara taka burki ba. Wannan lissafi ba ya sauraron ƙwarewar direba, ba ruwansa da shekarun da ya yi a kan sitiyari ko layar da ya rataye a madubi.

Jikin ɗan Adam shi ma yana da nasa lissafin. Mota ta bugi mutum tana gudun kilomita 30 daidai yake da ya faɗo daga tsawon mita uku da rabi, kamar daga kan soro. Yakan ji ciwo, galibi yakan tashi. A gudun 50 kuwa daidai yake da faɗowa daga mita goma, bene mai hawa uku ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun mota ya tashi daga 50 zuwa 65. Kilomita goma sha biyar kacal, abin da direba ba zai ma ji a jikinsa ba. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade 50 ga ƙananan motoci da bas a cikin gari, 45 ga tirela da tanka. Muna ƙalubalantar duk wanda ya taɓa ganin motar haya mai dogon zango ta sauko zuwa 50 a tsakiyar garuruwanmu, ba don rami ko shingen 'yan sanda ba, ya rubuto wa wannan mujalla.

Wani zai ce ai tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Gaskiya ne. Amma na'urar tana hana mota wuce iyakar gudun babbar hanya ne, ba ta san an shigo gari ba. Gudun da yake halal a dajin da ke tsakanin gari da gari shi ne ajalin yaro a ƙofar makarantar firamare.

A nan ne muka ga ainihin cutar take. Hanyar da ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Gwaram an shimfiɗa ta ne don ta sada manyan birane, injiniyan da ya zana ta yana tunanin motar da ta taso daga Kano za ta ƙasar Bauchi ko gabas. Amma hanya arziki ce, kuma gari yakan bi arziki. Mai shayi ya kafa teburinsa, mai faci ya zo, mai nama ya hura wuta, mai sayar da fetur a kwalba ya jera kwalabensa, masallaci ya tashi, makaranta ta biyo baya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 garuruwan nan sai ƙara faɗi suke yi, kuma faɗin nasu a jikin kwalta yake. Yau hanyar ta zama titin unguwa, amma faɗinta da miƙewarta da santsinta duk suna gaya wa direba cewa har yanzu yana daji. Direba kuwa abin da hanya ta gaya masa yake bi, ba abin da aka rubuta a allon da ya yi tsatsa ba, in ma akwai allon.

Sa'an nan a duba yadda muka cinye gefen hanyar. Kafaɗar kwalta, wadda aka bari don mai tafiya a ƙasa da motar da ta lalace, ta zama kasuwa. Ran kasuwa, ko a Sara ko a wani gari, buhunan hatsi da kwandunan tumatir sukan sauka har kan kwalta. Motocin haya ba sa shiga tasha, don shiga tasha sai an biya, sai su tsaya a kan hanya su yi lodi. Motar da ta tsaya ta zama bango: yaron da zai ƙetare ba ya ganin mai zuwa, mai zuwa ba ya ganinsa. Haka ta faru da yarinyar nan mai gyaɗa. Tsoho mai sanda da mace mai goyo ba su da wurin bi sai tsakanin rumfa da tayar tirela.

To, wa ke da alhakin wannan? Nan ne abin ya zama wasan 'yar ɓuya. Kwaltar ta Gwamnatin Tarayya ce, gyaranta yana wuyan hukumar FERMA da aka kafa a 2002. Duba lafiyar mota aikin jiha ne. Kama mai gudu aikin 'yan sanda ne da ma'aikatan kiyaye haɗurra. Kasuwa da tashar mota kuwa, tsarin mulkin 1999 ya damƙa su ga ƙaramar hukuma. Kowa yana da ofis da hatimi, amma mita ɗari biyar ɗin nan da ke tsakiyar gari, inda ake zubar da jinin, ba ta da uba. Mun fi ɗora ido a kan ƙaramar hukuma, domin ita ce ta fi kusa, kuma ita ce take yanka wa mai rumfar bakin kwalta rasit. Duk wanda ya karɓi harajin rumfa ya amince da inda rumfar take ke nan. Ku 'yan'uwanmu da kuka gama bara ko bariya kuka kama aiki a sashen kuɗi ko sashen ayyuka, wannan magana taku ce, kuma gobe tamu ce.

Ba mu wanke direba ba, amma ya kamata a san igiyar da ke wuyansa. Akasarin direbobin haya ba motarsu ba ce. Akwai balas da za a kai wa mai mota, ga kuɗin yuniyon, ga na ɗan kamasho, ga na goro a kowane shinge, ga mai da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne abincin iyalinsa. Hanya biyu gare shi ta ƙara abin da ya rage: ya ƙara sawu, ko ya ƙara lodi. Ƙarin sawu shi ne gudu da tuƙin dare. Ƙarin lodi shi ne mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a inda aka yi wa uku, but a buɗe an ɗaure da igiya, ga wasu samari a kan buhuna. Mota mai nauyi ba ta tsayawa da wuri, tayar da aka sayo ta riga ta tsufa a wata ƙasa ba ta jure zafin kwaltar watan Afrilu. Idan barci ya zo, sai a kore shi da gadagi ko ƙwaya, tiramol da 'yan'uwanta. Ƙwaya tana buɗe ido, amma ba ta mayar wa ƙwaƙwalwa da saurin yanke shawara, sai ma ta ƙara wa mutum jin cewa ba abin da zai same shi. A watan Yuni na 2021 bas biyu suka yi taho-mu-gama kusa da Birnin Kudu, mutum 18 suka rasu.

Mu fasinja ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa muka ji wani a kujerar baya yana cewa, "Direba, yau a hanya za mu kwana?" Dattijo ya ce a rage gudu, samari su yi masa dariya, a ce baba tsoron mutuwa yake ji. Mu ɗalibai mun fi kowa wannan hali ran komawa makaranta. Kakanninmu da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, da ƙafa da jaki suke tafiya, amma sun fi mu fahimtar mota.

Game da lasin ba za mu tsawaita ba, don kowa ya san labarin. Doka ta ce sai an shekara 18, an je makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, an ci jarrabawa. A aikace, yaron mota yakan koyi tuƙi ta hanyar matsar da mota a tasha in maigidansa ya tafi salla, takarda kuma a same ta ta hannun wani da ya san wani. Ya iya sarrafa sitiyari ƙwarai, wannan ba shakka. Abin da ba a taɓa gaya masa ba shi ne lissafin mita 28 da mita 80.

Babur kuwa sha'aninsa daban ne, domin a garuruwanmu shi ne motar kowa. Shi ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne ke kai taki gona, shi ne sana'ar saurayin da ya gama sakandare bai sami abin yi ba. Mai babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi, kansa ne ke fara isa ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, tana rage raunin kai da kashi 69. Da aka ce za a tilasta sa ta a faɗin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2009, me ya faru? A Kano aka ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaura da igiya, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje ana dariya. Wasu fasinja suka ce ba za su sa hular da wani ya sa ba, don tsoron cuta ko asiri. Bayan 'yan watanni magana ta bi ruwa. Mahukunta sun zo da tara ba su zo da bayani ba, ba su kuma kula da cewa hular tana da tsada, tana da zafi, ba ta kuma zama a kan rawani ko ɗankwali. Da Gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, ba don kawunan da ke fashewa ta hana ba, sai don harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. A Daidaita Sahu ta maye gurbi a can. A nan namu yankin har yanzu za ka ga magidanci da matarsa da 'ya'ya uku a kan babur guda, ƙaramin a kan tanki, suna fitowa daga lungu su hau kwalta ba tare da sun waiwaya ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ma akan ba shi makulli a aike shi, uban yana alfahari.

Da dare kuma sai abin ya ƙara muni. Babur ba fitilar baya, amalanken shanu ba ko ƙyalle mai ƙyalli, tirela ta lalace a tsakiyar hanya an kakkarya ganye an jera mata, alamar da ba mai ganinta sai ya iso kanta. Damina ta zo ta ci gefen kwalta ta ɓalle kwalbati. A watan Agusta na 2021, a Radabi da ke kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata bas ta afka cikin gadar da ruwa ya karya, mutum 21 suka halaka. Ruwa dai ba a hana shi zuwa. Amma gadar da ta karye tana nan a karye kafin motar ta iso, kuma tsakanin karyewarta da isowar mota akwai lokacin da za a iya tare hanya.

Ba za mu wuce ba mu ambaci Majiya ba, ko da yake tana Ƙaramar Hukumar Taura ne, arewa da mu. Ran 15 ga Oktoba, 2024, da dare, tankar mai da ta taso daga Kano ta faɗi a garin, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 180 suka mutu. An yi ta maganar talauci da rashin sani, kuma duka gaskiya ne. Abin da ba a faye faɗa ba shi ne, tanka irin wannan tana ratsa tsakiyar garuruwanmu kowane dare, tsakanin mai shayi da mai tsire, kowa da wutarsa a kunne.

Akwai kuma waɗanda haɗari bai kashe su ba, ceto ne ya ƙarasa su. Mutanenmu akwai tausayi, da an ji ƙara kowa zai sheƙo. Sai a finciko wanda ya ji rauni, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kai yana reto, a cusa shi a bayan mota ko a ɗora a babur. In ƙashin wuya ko na gadon baya ya tsage, wannan ɗaukar ce za ta mai da shi gurgu har abada. A ɗura wa wanda ya suma ruwa, ruwan ya tafi huhu. Jini yana zuba, ba wanda ya san cewa danne wurin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi shi ne abu na farko. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, abin da garuruwa da yawa ba su samu ba, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da lambar kira kyauta, 122. Mutum nawa ne a tasha suka san waɗannan? Da yawa kuma akan zarce da su wurin mai ɗori. Ba mu raina masu ɗori ba, sun gaji sana'arsu, amma karayar da ƙashi ya huda fata ya fito ba ta ɗori ba ce. A ɗaure ta da kara ta ruɓe, ƙafar da za a ceta a zo a yanke.

Me muke nema? Ba sabuwar doka ba, dokoki sun ishe mu. Ba kuma taron faɗakarwa na ƙarshen shekara ba, inda ake raba riguna a yi jawabi a watse. Muna neman a canza hanyar kanta a daidai inda ta shiga gari, yadda direba zai rage gudu ko yana so ko ba ya so, ko akwai ɗan sanda ko babu. Ƙasar Suwidin ta ɗauki wannan ra'ayi tun 1997: ɗan Adam zai yi kuskure ko an yi masa wa'azi, sabo da haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajali ba. Taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a mai da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda motoci da masu tafiya a ƙasa suke cakuɗuwa. Kada a ce wannan sai Turai. Tudun rage gudu, da fenti, da allo, da fitila mai aiki da hasken rana, da ɗan shinge tsakanin rumfa da kwalta, ba su kai kuɗin motar shugaban ƙaramar hukuma guda ba.

Mun san abin da direbobi za su ce, kuma suna da hujja. Tudun da matasan gari kan tara da dare bayan an kaɗe wani, da ƙasa da kututture da tsohuwar taya, ba fenti ba alama, shi kansa yana kifar da mota, yana karya babur, ɓarayi ma sukan fake da irinsa. Wannan fushi ne aka zuba a kan hanya. Amma fushin yana nuna inda ciwon yake, kuma amsarsa ita ce injiniya ya zo ya yi na ƙa'ida, mai faɗi, mai gangara a hankali, da gargaɗi tun daga nesa. 'Yan kasuwa ma za su ce in an matsar da su daga bakin kwalta ciniki ya mutu. Ba mu ce a kore su ba. A ja da rumfuna baya taku goma, a yi wa motoci wurin tsayawa a gefe, a hana lodi a kan kwalta. Motar da ta rage gudu ma ita ce fasinjanta ke ganin abin saye. Hakimai da dagatai da limamai sun isa su sasanta wannan in an sa su a gaba, domin su ne ke zuwa jana'iza.

Saura namu. Duk sa'ad da aka kai kuka ofis, tambayar farko ita ce ina shaida, kuma mun riga mun ga yadda lissafin hukuma yake zubar da mutane a hanya. Muna ba ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin Birnin Kudu da Gwaram shawara ta ɗauki wannan aiki a dogon hutu mai zuwa. A sami mutum biyu a kowane gari da kwalta ta ratsa, da littafi guda mai layi. Duk haɗarin da ya auku, babba ko ƙarami, a rubuta ranar, da lokacin, da daidai wurin, da irin abin hawan, da ko mai tafiya a ƙasa ne, da shekarunsa, da inda aka kai shi, da yadda ya ƙare bayan wata guda. A tambayi mai shayi da mai faci da 'yan kamasho, sun fi kowa sanin abin da ya faru bara a ƙofarsu. Ba a rubuta sunan kowa. In an dawo makaranta a haɗa littattafan, 'yan sashen taswira su zana mana wuraren, a kai kwafi ɗaya ga shugaban kowace ƙaramar hukuma, ɗaya ga ofishin kiyaye haɗurra na jiha a Dutse, ɗaya kuma a buga a wannan shafi. Mu 'yan Kiyako mun riga mun sayi namu littafin, kuma yarinyar nan mai gyaɗa ce a layin farko.